Geraldine Ta Rasu Tana Amsa Gaisuwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwan da har yanzu warin baƙin mai bai bar su ba, ni Vernon Tibbs na yammacin Detroit nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har ma da waɗanda suka daɗe suna jiran wannan rana, rasuwar motata Geraldine, Challenger mai ruwan goro. Ta riga mu gidan gaskiya ranar Asabar ta biyu a watan Afrilu, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata na safe, a cikin garejinta, bayan gajeruwar rashin lafiya wadda ba ta kai minti biyu ba. Ta rasu tana da shekara tara a duniya da mil dubu arba'in da ɗaya a agogonta. Ba ta taɓa taka gishirin da ake watsa wa tituna lokacin ƙanƙara ba, ba ta taɓa kwana a waje ba, ba a kuma taɓa cin abinci a cikinta ba sai sau ɗaya. Shi ma matata Odessa ce, kuma mun riga mun yafe wa juna.

Wanda bai san gidanmu ba zai ce ga tsoho ɗan shekara sittin da shida ya zauna yana kukan ƙarfe. Ya faɗa, bakinsa ne. Amma shekara tara ke nan Geraldine ce kaɗai bakin da nake yi wa yayana Clement magana da shi, yau kuma bakin ya rufe. Shi ya sa nake roƙon mai karatu ya daure ya bi wannan sanarwa har ƙasa, domin akwai saƙo a ƙarshenta.

Marigayiya mace ce mai cika ido. Faɗinta ya sa sai da na rushe kantar fenti da ke gefen gareji kafin ƙofarta ta iya buɗewa sosai. Tana da fistin takwas da ƙarfin doki ɗari huɗu da tamanin da biyar, kuma ba ta taɓa ɓoye ko ɗaya daga cikinsu don kunyar maƙwabta ba. In na danna mata maɓalli da safe, sai ta ce wuuum, gilasan kicin su amsa, sannan ta sauke murya ta koma bub-bub-bub, a hankali, kamar tukunyar wake a kan garwashi. Karen gidan da ke kallon namu ya yi mata haushi shekara guda cur, daga baya ya gane ba sa'arsa ba ce ya daina. Kujerarta ita kaɗai ce kujerar da bayana bai taɓa kai ƙara a kanta ba, bayan shekara talatin da na yi ina sunkuye a layin haɗa giyar mota a masana'anta. But ɗinta kuwa ya sha ɗaukar kujerun naɗewa huɗu da akwatin ƙanƙara biyu da murhun gashi, ranar yawon motoci na watan Agusta a titin Woodward, kuma da sauran wurin laimar Odessa.

Ba a faɗin aibin mamaci, amma ita da kanta ba ta son ƙarya. Geraldine tana da jiki. Nauyinta ya kusa tan biyu, kuma in kwana ta zo sai an lallashe ta tun daga nesa, a yi mata bayani, a ba ta haƙuri, sannan ta yarda ta juya. Ba ta taɓa wuce gidan mai ba tare da ta so tsayawa a gaisa ba. Duk wannan na sani tun ranar da na ɗauko ta, kuma ban taɓa yin da-na-sani ba sai a kan abin da na yi mata da hannuna.

Ta yi zamani da abokan hamayya biyu, kuma adalci ne a ambace su. Ta farko ita ce Camaro ta Gwen Kosak, nas ce da ta yi ritaya. Motar Gwen dokinta ɗari huɗu da hamsin da biyar, ba ta da ƙiba, tana shan kwana kamar an ɗaura ta da igiya, sai dai tagoginta sirara ne, in ka zauna a ciki sai ka ji kamar kana leƙen duniya ta kafar akwatin wasiƙa. Na faɗa wa Gwen haka, ta ce, "Ai ba sai na ga da yawa ba, Vernon. Kai dai nake son gani, kuma madubin baya ya ishe ni." Gaskiya ta faɗa. Matar da ta yi shekara talatin a ɗakin gaggawa ba ta ƙifta ido a gaban koriyar fitila, ta sha barin mu muna shaƙar hayaƙinta.

Ta biyu ita ce farar Mustang ta yayana Clement, wadda ni nake kira Sauro saboda muryarta. Geraldine daga ƙirji take magana, ita kuwa Sauro daga hanci, tana hawa tana ƙara siririn kuka har sai haƙoranka sun yi tsami. A takarda Geraldine ta fi ta da doki hamsin. A sikeli kuma Sauro ta fi ta sauƙi da nauyin ƙarti biyu da ɗan ƙari. Mun kara a filin tsere na bayan gari, rubu'in mil, sau sittin da uku. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: Clement ya ci talatin da huɗu, ni ashirin da tara. Kullum Geraldine ce ke fara ficewa, ta tura ni cikin kujera, in ga farin hancin Sauro a baya ta gefen idona. Sai mun wuce rabi in ji kukan nan yana matsowa, yana matsowa. In iska tana da sanyi mu riga shi. In rana ta yi zafi ya wuce mu da tsawon bonet. Na ɗora laifin a kan zafi, na ɗora a kan taya, na ɗora a kan mai share filin. Amma abin da ke cin raina shi ne na san da waɗanne sifanu yake taɓa injinsa.

Dole in koma baya kaɗan a nan. Babanmu, Ezell Tibbs, ya hau jirgin ƙasa daga Alabama zuwa garin nan yana saurayi, ya yi shekara talatin da ɗaya a masana'antar mota, ya kuma bar abu biyu da suka fi gidansa daraja a idonmu. Ɗaya akwatin kayan aikinsa ne, na ƙarfe, kore, mai hannu a sama, kowace sifana da harafin sunansa da ya sassaƙa da ƙusa. Ɗayan kuma doka ce. Duk motar da aka zare wa baƙin mai, a ɗaura mata jan tsumma a sitiyari, kuma wanda ya ga ja ya ɗauke hannunsa daga makulli. Da ranƙwashi ya koya mana, ni da Clement, tun ba mu kai tsayin bonet ba. "Inji ba ya mutuwa da tsufa," in ji shi, "mai shi ne ke kashe shi ranar da hankalinsa ya tafi wani wuri."

Shekara goma da suka wuce muka binne shi. Ana cikin cin abincin bayan jana'iza a tsakar gida, mutane riƙe da faranti, sai na hangi Clement ya fito daga garejin Baba da koren akwatin a hannu yana nufar motarsa. Ko Baba ne ya ba shi, ko shi ya ba kansa, ban tambaya ba. Na ɗaga murya a gaban fasto da gwaggwanninmu da kowa na ce, "Ka bari ƙasar kabarin ta bushe mana, ɓarawo." Ya sa akwatin a mota ya tafi. Da na shiga garejin babu abin da ya rage sai jan tsumman yana rataye a ƙusa, shi na ɗauka, shi ne abin da na gada. Daga ranar ba mu ƙara cewa da juna uffan ba.

Shekara ta zagayo na sayi Geraldine. Mako uku bayan haka Clement ya sayi Sauro, kuma kada kowa ya ce mini dacewa ce. Ranar Asabar ɗin da aka buɗe filin tsere na shiga layi, na waiwaya, sai ga shi a layin da ke gefena, gilashi a rufe, ido a gaba. Ya taka totur sau biyu, wiin, wiin. Ƙafata ba ta yi shawara da ni ba, Geraldine ta amsa, wum, wum. Shi ke nan harshe ya samu. Biyu gaisuwa ce. Ɗaya mai tsawo bayan an tsallake layin ƙarshe, barka ce. In wani bai zo ba Asabar biyu a jere, ɗayan ya aika Gwen ta binciko ko lafiya. An ce zumunta a ƙafa take, to tamu a ƙafar dama kaɗai ta tsaya.

Marigayiya ta san sirrin da ban faɗa wa kowa ba, yau dai zan faɗa. Shekara huɗu da suka wuce matar Clement, Loretta, ta rasu. Na je coci na tsaya a can baya kusa da ƙofa, na kasa ƙarasawa gaba. Asabar ɗin da ya dawo fili, Geraldine tana gaba da tsawon mota guda, saura ƙiris mu tsallake, sai na ɗaga ƙafata. Ba ta yi mini gardama ba, ta sauke murya ta bar Sauro ta wuce. Ta'aziyyar da na iya ke nan. Ina ajiye mota sai ga Gwen ta zo tana riƙe da hular kwanonta.

"Vernon, yayanka ya ce in gaya maka ba ya karɓar sadaka."

"Ki ce masa taya ce ta zame."

"A busasshen fili? Kai, ni fa ba 'yar aikenku ba ce. Ga shi can, taku goma. Tsofaffi biyu da furfura, ko kunya ba kwa ji."

Ta tafi, ta dawo. "Ya ce ka ƙara iska a tayar hagu, tun ɗazu yake ganin ta kwanta." Na duba, ta kwanta ɗin. A cikin talatin da huɗun da na lissafa masa har da wannan, kuma ban taɓa cire ta daga lissafi ba.

Yanzu sai bayanin ajali. Tun kafin tsegumi ya yi nisa, ina shaida wa jama'a cewa waɗanda suka ƙera ta ba su da laifi, mai sayar da mai ba shi da laifi, ramukan titunan garin nan ma, da suka saba ɗaukar laifin komai, wannan karon hannunsu a wanke yake.

Kamar kowace shekara, na kwantar da ita tun watan Nuwamba, na lulluɓe ta da mayafinta, ta yi barcin hunturu. Ranar Asabar ɗin nan rana ta fito da ɗumi, na ce yau za a tashe ta. Na buɗe ƙofar gareji, na ɗaga gabanta, na shiga ƙarƙashi na kwance noti, tsohon mai ya fara zuba a faranti. Na fito na ɗaura jan tsumman Baba a sitiyari, ɗauri biyu, yadda ya koya mana. Na jera gorar sabon mai guda bakwai a kan benci. Sannan na zauna a kan kujerata da kofin kofi ina jiran ɗigon ƙarshe, domin Baba ya ce gaggawa ba ta zare mai.

Ina zaune na ji kukan. Ko cikin motoci dubu zan gane shi. Ya shigo layinmu, ya rage gudu, na ce a raina wucewa zai yi. Bai wuce ba. Farin hancin Sauro ya hau kan simintin ƙofar gidana ya tsaya yana kallon garejin. Shekara goma tayar Clement ba ta taka wannan siminti ba. Ina riƙe da kofi, bakina a buɗe, sai ya taka sau biyu. Wiin, wiin.

Jama'a, yayana ne ya zo har gida ya yi sallama. Me ake yi wa mai sallama? Mai hankali zai ajiye kofi ya taka da ƙafarsa ya je ya ce sannu da zuwa. Ni kuwa shekara tara ban san wata hanyar amsa masa ba sai ɗaya. Ban san lokacin da na tashi ba, ban san inda kofin ya faɗi ba, na dai tsinci kaina a cikin Geraldine. Idona ya cika da ruwa, ba na ganin komai, kuma ba na son ya ga hakan ta gilashi. Na kai hannu ga ƙyallen da ya fi kusa, na warware shi daga inda yake, na goge fuskata. Na danna maɓalli.

Ta tashi. Allah sarki, ta tashi da murnarta, wuuum, bayan wata biyar tana barci. Nan take ta fara gaya mini, kiling, kiling, kiling, jar fitila tana walƙiya a gabana. Ba ta ɓoye mini ba, ni ne ban saurara ba. Na taka sau biyu, ta amsa wa Clement gaisuwarsa da dukan muryarta. Na ɗaga kai na ga ya sauke gilashi, ya fito da hannu yana kaɗawa da ƙarfi, yana danna hon. Daga inda yake yana hangen farantin cike da baƙin mai a ƙarƙashinta. Ni kuwa na ɗauka cewa yake, ashe iyakar muryar taki ke nan? Sai na ce bari in nuna masa hunturu bai rage mana komai ba. Na taka har ƙasa na riƙe.

Kalamanta na ƙarshe ba za su bar kunnena ba. Muryar ƙirjin nan ta bushe, ta koma kaf-kaf-kaf, sannan ƙwas-ƙwas-ƙwas da sauri kamar ana buga guduma a cikin tukunya, sannan ƙwal, sau ɗaya. Jikinta ya girgiza ya tsaya. Wani siririn hayaƙi ya fito ta gefen bonet. Karen maƙwabta, da ya yi shekara takwas bai ce mata komai ba, ya yi kuka sau ɗaya ya yi shiru.

Clement ya kashe motarsa ya fito. Ya tsufa, ban taɓa lura ba, domin a zaune kawai nake ganinsa ta gilashi biyu. Ya tako har bakin gareji ya tsaya, bai shigo ba. Ya dubi gorar mai bakwai a kan benci, ya dubi farantin, ya dube ni. Sannan ya yi mini maganar farko a cikin shekara goma.

"Auta," ya ce, "tsumman yana hannunka."

Na duba. Yana hannuna, jiƙe. Ya sake buɗe baki kamar akwai saura, ya waiwaya ya dubi motarsa, ya sake dubana, ya rufe. Ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji na ɗan lokaci, yadda ake yi in gawa za ta wuce. Daga nan ya koma ya tayar da Sauro, ya ja da baya a hankali ba tare da ya taɓa totur ba. Ban taɓa sanin motar nan ta iya tafiya shiru haka ba.

Likitan da ya duba ta shi ne Fadi, bakanike daga Dearborn, mutumin da bai taɓa cewa mota ta mutu ba in da sauran dabara. Ya kwanta ƙarƙashinta da tocila, ya daɗe, ya fito yana karkaɗe wando.

"Mista Tibbs, sai haƙuri. Sandar fistin ɗaya ta fasa bangon inji ta leƙo waje, muna kallon juna da ita yanzun nan."

"Ba a ɗinkewa?"

"Ana ɗinke riga. Wannan sai sabon inji, kuma ni da kai mun san abin da fansho ke iyawa." Ya dubi gorar man da ke benci, ya dubi tsumman, ya ce, "Wa ya tayar da ita?" Na ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ya ce haka ne, amma tsautsayin nan yana da yatsa, kuma yatsan ya danna maɓalli.

Muna godiya ga waɗanda suka zo ta'aziyya. Fasto ya ƙi sa sunanta a sanarwar coci, amma ya riƙe hannuna ya daɗe, mun gode. Gwen ta zo da kek ɗin lemo, ta tsaya a kan marigayiya ta shafa rufinta, ta ce, "Allah sarki ƙatuwa. Yanzu wa zan riƙa gani a madubi?" Da za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa ta ce an buɗe rajistar filin tsere, za a fara Asabar ta farko a watan Mayu. Na ce ta gaishe su. Ta ce, "Yayanka ma bai yi rajista ba. Na tambaye shi, ya ce da wa zai yi?" Daren nan ban ci kek ɗin ba.

Kwana uku Odessa tana kallona ina shiga gareji ina fitowa kamar kazar da aka kwashe wa ƙwai. Ran na huɗu ta ajiye mini farantin ƙwai da burodi, ta zauna a gabana ta naɗe hannu.

"Vernon, kai dai ba ka ga abin da ke kujerar gefensa ba, ko?"

"Gefen wa?"

"Gefen Clement mana. Ina tsaye a tagar sama ina ninke kaya, komai na gani. Koren akwati ne, na ƙarfe, mai hannu a sama. Har bel ya ɗaura masa kamar mutum."

Na ajiye cokali. Na ce ƙila wani akwatin ne. Ta ce shekara talatin da takwas tana auren gidan Tibbs, ta san akwatin nan fiye da yadda ta san wasu daga cikin dangin. "Kawo maka ya yi. Ya ɗauko shi tun daga can gabashin gari, ya zo ya yi sallama da yaren da kuka iya, kai kuma ka halaka motarka a gabansa. To ta yaya zai miƙa wa mutum sifanu a kan gawa? Ka kira shi."

"Ba ni da lambarsa."

"Gwen tana da ita. Ni ma ina da ita, in kana son sani. Duk Kirsimeti muna gaisawa."

Ta rubuta mini a bayan ambulan. Sau huɗu na ɗauki waya. Sau ɗaya har na danna lambobi shida. Amma me zan ce? Kalmar da na jefe shi da ita a gaban mutane tana nan tsaye a maƙogwarona, duk wata magana sai ta bi ta kanta kafin ta fita, kuma ba ta wucewa. Da-na-sani ƙeya ce, na sani, an sha gaya mini. Na iya haɗa giyar mota ido a rufe, na iya tashi a koriyar fitila cikin rabin daƙiƙa, amma ban iya wannan ba. Odessa ta ce, "To zauna nan, girman kai rawanin tsiya." Na ce ba girman kai ba ne, rashin iyawa ne. Ta ce a wajen 'yan gidan Tibbs duk ɗaya ne. Abin da na iya shi ne na zauna na rubuta wannan.

Marigayiya ta rasu ta bar makulli biyu, ɗaya ba a taɓa amfani da shi ba. Ta bar mayafinta na hunturu, da bokiti biyu na wankanta, da gorar mai bakwai da ba a buɗe ba, waɗanda ba na iya kallo kuma ba na iya zubarwa. Ta bar 'yan takardun lokacin tsere sittin da uku a cikin gwangwanin biskit, kowace da kwanan wata, kowace shaidar ranar da na ga ɗan'uwana. Ta bar abokan hamayyarta biyu cikin ƙoshin lafiya. Ba ta bar ƙanwa ba, domin an daina ƙera irinta. Ta kuma bar ni, da jan tsumma, da lambar waya a bayan ambulan.

Za a yi jana'izarta ranar Asabar ta ƙarshe a wannan wata, a gidana. Da ƙarfe tara na safe zan yi mata wankan ƙarshe ni kaɗai, kada kowa ya kawo soso. Da ƙarfe goma janwen Fadi zai iso, a ɗauke ta a bi da ita titin Woodward a hankali, Gwen tana gaba da fitilu a kunne, har zuwa filin wani mai sayar da kayan gyara da ya yi mini alkawarin ba zai matse ta ba. Zai raba ƙofofinta da kujerunta ga 'yan'uwanta masu buƙata. Bayan an dawo akwai haƙarƙari gasasshe da makaroni da cuku da burodin masara a tsakar gida. Ba a buƙatar furanni. Masu Mustang da masu Camaro duk ana gayyatarsu, da sharaɗin kada wanda ya ambaci lissafin talatin da huɗu, kada kuma wanda ya taka totur a ƙofar gidan makoki.

Janwe ba zai iya shiga garejin ba, sai an turo ta waje da hannu. An samu masu turi huɗu: ni, da Fadi, da Gwen, da Odessa, wadda ta ce za ta tura ne don ta tabbatar an fita da ita. Saura wanda zai zauna a ciki ya riƙe sitiyari. Wannan kujera ban ba kowa ba, kuma ba zan ba kowa ba. In mai ita bai zo ba, Geraldine za ta zauna a inda take, janwe ya koma haka nan, a ci abinci a watse.

Don haka duk wanda ya san Clement Tibbs na gabashin gari, dogo, mai farar Mustang, don Allah ya kai masa wannan takarda. A ce masa akwatin nasa ne, ya zo da shi ko ya bar shi a gida, duk ɗaya. A ce masa dokar totur ba ta hau kansa ba. In ya iso ya hau simintin ya taka sau biyu kamar yadda ya saba, ya kuma ɗan yi haƙuri ya jira, kada ya ja da baya. Zan daɗe kafin in iso wurinsa, taku goma ne amma ban taɓa yin su ba. Ba ni da sauran abin da zan amsa maka da shi, Yaya, sai bakina.